Zailani da Dankalin da Ba Ya Ƙirga Kwana

A Djougou, in ka tambayi tsofaffin unguwar fatake labarin Zailani ɗan Awalu, sai sun yi murmushi kafin su ba ka amsa. Ba wani abin kunya ya yi ba. Mutum ne mai sallah, mai zumunci, wanda ba a taɓa jin muryarsa a bakin faɗa ba. Abin da ke sa su murmushi shi ne yadda ya kwashe ƙarshen rayuwarsa yana kokawa da abin da bai wuce dunƙulen hannu ba.

Gidansu gidan goro ne. Kakansa ya taso da ayari daga Gwanja za su Kano, zazzaɓi ya kwantar da shi a Djougou, ayari ya wuce ya bar shi. Da ya warke ya ga garin ya karɓe shi, sai ya yi aure ya zauna. A cikin huhunan goro Zailani ya buɗe ido. Tun yana ƙarami ya iya kwance huhu, ya tsince wanda sankara ta ci, ya sake ganye, ya yayyafa ruwa, ya ɗaure. Ya san halin goro kamar yunwar cikinsa: ba ya son zafi, ba ya son iska, ka ba shi sanyi da laima ya zauna maka wata da watanni. Abu ɗaya ya bambanta shi da 'yan'uwansa, shi bai iya ganin abu ya ƙyale ba sai ya ji dalili.

Lokacin da Dahomey ta sami mulkin kai yana da shekara arba'in ko kusa da haka, da matarsa Safiyatu, da 'ya'ya mata da suka fara tasawa. Goro kuwa ya riga ya sake hanya. Manyan motoci ke ɗaukarsa ta wasu wurare, ga 'yan duwan, wato kwastan, a kowace iyaka. Shagon Zailani ya zama wurin hira. Sai ya wuni a zaune yana korar ƙuda daga faranti ɗaya.

A wannan halin ne ya tafi Parakou gaida yayarsa Lauratu, wadda ke aure a unguwar Zongo. Lauratu mace ce mai kazar-kazar, tana da rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa, inda take sayar da kayan miya da kayan lambu, da yamma kuma ta kafa kasko. Cikin hajarta akwai dankalin turawa, wanda mutanen wurin ke kira kwambitar. Daga Faransa jirgin ruwa ke kawo shi Cotonou, jirgin ƙasa ya hauro da shi. Turawa sun ragu, amma sababbin ma'aikata da matansu sun gaji kujerun, sun gaji cimar.

Wata rana da azahar ta aike shi ɗakin ajiyarta ya ɗauko tabarma. Ɗakin rufin kwano ne, shigarsa kamar shiga tanda. A lungu ya ga kwando cike da kwambitar, kowanne ya fito da wasu fararen abubuwa kamar yatsun jariri.

Ya leƙo ya ce, "Yaya, me ya sami kayanki? Tsutsa ce?"

"Wace irin tsutsa? Tsiro ne. Haka yake yi in ya daɗe a ɗakin nan. In ya yi gemu matan ma'aikata ba sa ko kallonsa. Zubarwa zan yi."

"Ba ƙasa, ba ruwa, kuma ya tsira?"

Lauratu ta ce, "To, ka fara ke nan."

Maƙwabcinta Talle, wanda ya yi shekaru yana wa wani Bafaranshe kuku, yana zaune a bakin rumfa. Ya ce a ƙasarsu shi kansa dankalin ake binnewa, kamar yadda ake yi wa doya, ya sha jin tsohon maigidansa yana faɗa. Zailani ya tambaye shi a wane wata ake shukawa. Talle ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Wannan kuma ban tambaya ba. Ni suya na sani."

Da kwandon nan Zailani ya hau mota ya koma Djougou. A hanya yana ta saƙe-saƙe. Abin da ake tsallako teku da shi, in har zai fito a ƙasar nan, ai ya sami abin da zai maye masa goro.

Ba shi da gona, don zuriyarsu ba manoma ba ne. Amma yana da amini a ƙauyen Onklou, kusa da Djougou, Baƙo, manomin doya ɗan ƙabilar Yom. A gidan mahaifin Baƙo ne Awalu ke barin jakunansa a da, shi ya sa yaran suka tashi tare, suna magana rabi Dendi rabi Hausa. Baƙo ya jujjuya dankalin a hannu, ya shinshina, ya ce duk abin da ke kwana a ƙarƙashin ƙasa ɗan'uwan doya ne. Ya yanka masa fili a bakin rafi. Ruwan farko na sauka suka tada kunya irin ta doya, suka binne.

Abin ya fito kamar an yi masa kiranye. Kafin damina ta yi tsakiya ganye ya kai gwiwa, kore shar, ya rufe kunya ruf. Mutane suka riƙa ratsowa daga hanya don su ga doyar turawa. Zailani, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, ya zama bai iya kwana biyu bai je Onklou ba. Har ya aika wa Lauratu cewa ta fara neman buhuna.

Ranar da ya tona gindin farko, saiwa ya tarar, fara sol, sai wasu 'yan ƙwayoyi da ba su fi gurjiya ba. Ya tona na biyu, haka. Ya bi kunya guda yana tonawa har gumi ya jiƙa masa riga. Ya zauna a ƙasa ya dubi ganyen, ya dubi abin da ke tafin hannunsa.

"Baƙo, ina abin ya tafi? Ganyen nan duk me yake yi?"

Baƙo ya ce, "Ka yi garaje, ɗan Awalu. Doya ma sai ta yi wata bakwai. A bar shi."

Aka bar shi. Ganye ya yi baƙi ya kwanta, abin da ke ƙasa ya ruɓe. Masu ratsowa kallo suka koma ratsowa jaje, wasu suna danne dariya. Ɗaya ya ce ƙasar ce ta yi masa ƙarfi. Wani ya ce ai abin turawa sai da takin turawa. Wata tsohuwa ta ce ido ne, don an cika kallonsa. Zailani ya saurari kowa, ya dawo gida kansa ya fi tafiyarsa ɗaurewa.

Da abin ya tsaya nan, da ya haƙura. Amma bayan kaka, sanyi na shigowa, sai ga kwando daga Parakou. Lauratu ba ta ji yadda ta kaya ba, ta sake tara masa masu gemu. Safiyatu ta ce a fere a dafa. Shi kuwa ya ga tsiron nan ya kasa bari a dafa. Ya kai Onklou ba tare da ya sa rai ba, ya binne a gefen albasar Baƙo, inda ake ban ruwa da ƙwarya safe da yamma. Wannan karon ganyen bai yi wani abin a zo a gani ba, gajere ne, bai kai rabin na damina ba. Da ya fara yin rawaya Zailani ya ce shi ke nan, wannan ma ya mutu. Ya sa fartanya don ya share wurin, sai ƙasa ta dare, ga kwambitar a jere kamar ƙwan zabi a sheƙa, wasu sun cika hannu.

Ya tsaya riƙe da fartanya ya kasa murna. Wanda ya yi kyau bai ba da kome ba, wanda ya yi kama da mara lafiya ya cika kwanduna.

Murnar ta zo daga baya, da ya sauke kaya a rumfar Lauratu. Talle ya soya, aka ci, ya rantse bai bambanta da na jirgi ba. Lauratu ta riƙa nuna ƙanenta ga duk wanda ya tsaya, tana cewa, "Na Djougou ne, wannan ya noma." A hanyar komawa Zailani ya yanke hukunci a ransa: abin nan sanyi yake so, kamar goro. Ya ji daɗi, don ya ga ya dawo kan abin da ya sani.

Tun da akwai sauran sanyi, ya ce bari ya riɓanya. Ya zaɓi manya masu kyau daga cikin waɗanda ya tona, ya mayar da su ƙasa nan take, ya ci gaba da ban ruwa. Mako ya wuce, wani ya bi, shiru. Wata ya cika ko ɗan kore bai leƙo ba. Da ya tona, waɗansu sun ruɓe, sauran suna nan yadda ya sa su, kamar duwatsu.

Ya ɗauki ɗaya ya je gida ya ajiye gaban Safiyatu.

"Dubi nan. Na ba shi ƙasa, na ba shi ruwa, na ba shi sanyin da yake so, ya ƙi motsi. Na ɗakin Yaya kuwa, babu ƙasa babu ruwa, cikin zafin da zai gasa mutum, shi ne ya tsira. To wanne yake so?"

Safiyatu tana tankaɗe ta ce, "Malam, ni da ka tambaye ni gishirin da yake so, da na faɗa maka."

Irin da ya rage ya raba biyu don ya kai shekara. Rabi ya bar wa Lauratu a ɗakin kwano, tun da can ne aka ga yana tsira. Rabi ya yi masa irin gatan da ake yi wa goro: ya naɗe a ɗanyen ganye, ya yayyafa ruwa, ya ɗaure. Ba a jima ba wari ya cika gidan. Ya kwance ya tarar yawanci sun zama kunu. Waɗanda suka tsira da ransu ya shanya su a inuwa, ya baza su kan yashi a tsohon ɗakin ƙasa na kakansa, mai kaurin bango, inda a da ake jibge huhuna. Ya ja ƙofa ya bar su, don ya rasa abin da zai ƙara yi musu.

Da sanyi ya zagayo ya haɗa su wuri ɗaya, ya kasa gaskata idonsa. Na Parakou sun yamushe kamar busasshiyar kuɓewa, kowanne da dogon gemu mai rassa. Na ɗakin kakansa kuwa da sauran tauri a jikinsu, tsironsu gajere ne mai kauri. Gindi ɗaya suka fito, rana ɗaya ya tona su da hannunsa. Amma ga wannan tsoho tukuf, ga wancan saurayi.

Ya shuka su rana ɗaya, kunya na kallon kunya. Tsofaffin suka riga fitowa, kowane rami da karare sirara masu yawa, har ya fara cewa ashe ɗakin Yaya ne maganin abin. Kafin samarin su gama miƙewa, tsofaffin sun yi rawaya sun kwanta, suka bar masa 'ya'ya birjik amma ƙanana, har goriba ta fi su. Samarin suka yi ta jan ƙafa, suka daɗe suna kore, a ƙarshe suka ba da manya.

A shekarar ne aka turo wani malamin gona yankin, sunansa Audi, saurayi ɗan Parakou da ya yi karatu a kudu. Auduga aka turo shi ya duba, amma ya ji labarin mai noman kwambitar, ya biyo ta Onklou a kan ɗan babur ɗinsa, mobilet. Ya durƙusa ya gaida Zailani, ya zauna kan kunya, ya saurari labarin tun daga kwandon farko bai katse shi ba. Da aka zo kan tsoho da saurayi sai ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Baba, kai kwana kake ƙirga masa. Shi ba ya ƙirga kwana. Zafi yake tarawa."

"Tarawa kamar yaya?"

Audi ya jawo tulun ban ruwa ya ajiye tsakaninsu. "Ka ɗauka kowane dankali yana da tulu irin wannan a cikinsa. Kowace rana tana zuba masa zafi. Ranar sanyi ta zuba ludayi, ranar zafi ta zuba ƙwarya. Abin da ya shiga kuma ba ya fita. Sabon tono barci yake yi, ko me ka ba shi ba zai tashi ba sai tulun ya kai wani wuri. In ya kai, ya farka ya tsira, ko a cikin kwando yake. In aka ci gaba da zubawa, ya tsufa. Ɗakin kwano ƙwarya-ƙwarya yake zubawa, ɗakin ƙasa ludayi-ludayi. A gona ma haka ne. Fitowarsa, da furensa, da kwanciyarsa, duk da abin da ya tara suke tafiya. Shekarar da sanyi ya yi ƙaranci zai yi saurin gamawa, bai sami lokacin cika 'ya'ya ba."

Zailani ya kalli tulun. Abin ya shige shi, ya ji kamar an buɗe taga. Sai kuma ya ɗago.

"To tsaya. In zafi ne ke tura shi gaba, na damina fa? Ya sha zafi har ya ƙoshi. Me ya hana shi 'ya'ya?"

"Wannan kuma wani abu ne daban. Ganye na son ɗumi. 'Ya'yan da ke ƙasa kuwa ba sa ƙulluwa sai ƙasa tana samun sanyi, musamman na asuba."

"Wato samansa na son abin da ƙasansa ba ya so."

"C'est ça, haka ne, Baba."

"Shuka ɗaya?"

"Shuka ɗaya."

Zailani ya zaro wuƙa ya tsaga wani tsohon iri da ya rage a kwando, ya manna a kuncinsa. Ya miƙa wa Audi. "Taɓa ka ji. Sanyi ƙalau. Ina zafin da ka ce ya tara? A ina ya ajiye shi?"

Audi ya taɓa, ya yi dariya, ya sosa ƙeya. "Wallahi Baba, nan ilmina ya tsaya. An koya mana cewa yana tarawa, an koya mana yadda ake lissafawa in akwai ma'aunin zafi. Inda yake ajiyewa, ban sani ba. Kuma abin da muka karanta na ƙasar da ƙanƙara ke sauka ne. Can matsalarsu yadda za su tashe shi da wuri, nan taku yadda za ku hana shi tashi."

Suka rabu da mutunci. Audi ya ci gaba da biyowa duk sa'ad da hanya ta kawo shi, har aka yi masa canjin wurin aiki. Amma tagar da ya buɗe ba ta kawo wa Zailani kwanciyar hankali ba. Da can abu ɗaya ne bai sani ba, yanzu ya san abubuwa uku da suka ƙi zama wuri ɗaya. Ya kan tsaya da tsakar rana a bakin rafi ya dubi sama, ya ce a ransa, yau ludayi ne ko ƙwarya? Da ya kai wa Lauratu bayanin, ta ajiye matsamin suya ta ce, "In haka ne, ni da na shekara ashirin a bakin kasko ai na girmi Inna." Ta umarce shi ya kwashe sauran irinsa daga ɗakinta kafin ya ce ita ta tsofar da su.

A wannan zuwan ne wata dabara ta faɗo masa. Talle ya sami aikin kuku a wani otel kusa da tasha, kuma otel ɗin yana da firiji mai aiki da kananzir. Zailani ya lissafa: in zafi ne ke cika tulu, to a wurin da babu zafi ko kaɗan, tulun zai zauna yadda yake. Ya roƙi Talle, Talle ya roƙi mai otel, aka ba su lungu ɗaya. Bayan tono na gaba ya zaɓi mafi kyawun irinsa ya kai. Ya koma Djougou yana jin wannan karon ya riga abin wayo.

Da lokacin shuka ya yi ya zo ɗauka. Waɗanda suka jingina da wurin ƙanƙara, suna shan iska suka saki ruwa, suka zama kamar tsumma. Sauran kuwa sumul, kamar jiya aka tona su, ko alamar tsiro babu. Ya yi hamdala, ya kai su Onklou ya binne a ranar. Na ɗakin kakansa suka fito, suka yi ganye, suka rufe kunya, na firiji shiru. Sai can suka fara leƙowa ɗai-ɗai, kowanne da kara guda. Kafin su kai ga ƙulla 'ya'ya sosai sanyi ya tattara ya tafi, bazara ta sauko musu. Abin da suka bayar bai kai na ɗakin ƙasa ba.

Baƙo ya same shi zaune a gindin mangwaro, ya yi tagumi.

"Tsoho bai yi ba, yaro bai yi ba," in ji Zailani. "An gudu ba a tsira ba."

Baƙo ya ce, "Ka dawo doya. Doya ba ta da wannan fitina. Ka binne, ka jira, ka tona."

"Na sani."

"To?"



Zailani bai koma doya ba, bai kuma koma firiji ba. A gindin mangwaron nan ya gina 'yar bukka mai kaurin jinka, ya bar ƙofofin iska ta kowane gefe, ya yi gadon kara a ciki ya baza irin a kai. Ya lura cewa in haske kaɗan na shiga, tsiron kan tsaya gajere ya yi kore, ba ya zuba gemu. Dalilin wannan ma bai sani ba, kuma Audi ya riga ya tafi, babu wanda zai tambaya. Ya daina duba wata don sanin lokacin shuka. Sai ya duba tsiro, ya kuma fita da sassafe ya tura hannu cikin ƙasar bakin rafi ya ji sanyinta. Wata shekara abin ya yi daidai, motar Parakou ta tafi da buhuna. Wata shekara ya yi duk abin da ya yi bara, ya tashi da rabin kwando. In aka tambaye shi sirrin noman, ya kan fara bayani da tulu da ludayi, ya bi ta kan ganye da asuba, ya tsaya a tsakiya ya ce, "Kai, ni ma ban gane ba. Zo dai ka gani." Mutum biyar ko shida a Onklou suka gwada saboda shi. Yawancinsu suka koma albasa da tumatir.

Shekarun fari suka zo, rafi ya ƙafe tun kafin lokacinsa, sanyi ya yi kamar leƙe ya wuce. Irinsa ya ƙare ƙaf. Mutane suka ce to, Allah ya raba shi da wahala. Sai aka ji ya hau mota zuwa Malanville, can bakin Kwara, inda ya sami labarin wasu na nomawa. Ya dawo da rabin buhu da sababbin tambayoyi, don mutanen can sun gaya masa abubuwan da suka saɓa wa nasa, kuma nasu na yi musu aiki.

Bai yi arziki da kwambitar ba. Ya dai ci, ya ciyar, ya aurar da 'ya'yansa ba tare da ya kai ƙoƙo gidan kowa ba. Sunan gidan goro ya bi ruwa, yara suka tashi ba su san shi da wani suna ba sai Baba Mai Kwambitar.

Bayan an sauya wa ƙasar suna zuwa Benin da 'yan shekaru, ciwon ƙirji ya kwantar da shi a ƙarshen damina. Baƙo ya zo dubiya daga Onklou. Zailani ya riƙe masa hannu yana ta ba shi sallahu game da irin da ke bukka: kada ya yi saurin shukawa, ƙasa ba ta huce ba tukuna. Can kuma ya ce kada ya bari ya daɗe, bana an yi zafi, tulun ya kusa cika. Baƙo ya ce, "To wanne zan bi?" Zailani ya yi murmushi ya ce in ya ji sauƙi zai zo ya duba da kansa. Bai tashi ba. Ranar wata Alhamis aka kai shi makwancinsa, Lauratu ta zo daga Parakou da tsufanta, ta zauna makoki.

Safiyatu na cikin takaba Baƙo ya sake zuwa, ɗauke da kwando. Ya tsaya daga zaure ya yi sallama, ya yi mata gaisuwa ta bayan labule. Sannan ya ce ga irin marigayi ya fara motsi, shi kuwa bai san ko lokaci ya yi ba. Ko Malam ya taɓa gaya mata yadda ake ganewa?

Aka shigo mata da kwandon. Ta ɗauki ɗaya ta jujjuya. Tsiron bai yi tsawo ba, bai kuma yi gajarta ba.

Ta ce, "Ya gaya mini sau da yawa. Kullum kuma daban."

Baƙo ya ce, "Ni ma haka."

Daga baya ta ce ya ɗauki rabi ya shuka a makon nan, in ya so bayan kwana kaɗan ya shuka rabin abin da ya rage. Sauran ta sa aka fere, aka dafa da miyar tumatir, aka rarraba wa maƙwabta sadaka. Baƙo ya bi maganarta. Shukar farko ta yi kyau, ta biyun ma ba laifi. Da ya tona ya kawo mata buhu har gida, ya ce shekara mai zuwa shi dai doya zai shuka a wurin.